Jagorar Zaɓen Wuƙar Kube Mai Sauƙin Kuɗi Don Aikin Yau da Kullum

A gidan ƙira na tashi, kuma har gobe wasa wuƙaƙe da sake musu ƙota yana cikin abin da nake ci da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin wuƙar da samari suke ta kawo mini gyara, kusan duk iri ɗaya: doguwa zanƙalƙala, tana ta walƙiya, an yi wa bayanta haƙora, an zana kan mikiya a ƙotarta. Mai ita ya fara zuwa gona ne ko ya fara kiwo, ya shiga kasuwa ya zaɓi wadda ta fi cika ido. Kafin wata ya mutu ta ƙi kaifi, ko ruwanta ya fara girgiɗi a cikin ƙota, ko ta huda kuben ta yaga masa wando. Kuɗin da ya zuba a kanta kuwa ya isa ya sayi ta kirki har da dutsen wasawa.

Wuƙar kube nake nufi, wadda ruwanta yake kafe a ƙota, ba mai naɗewa ba. Ga mai aikin gona, garke, lambu ko ɗaurin kaya, ita ta fi. Ba ta da gaɓar da yashi, jini ko ruwan rake za su maƙale a ciki, ba za ta rufe a kan yatsanka ba, kuma da yake babu kuɗin sifirin da makulli a cikin farashinta, abin da ka biya ya tafi ne ga ƙarfe da ƙota.

Abin da za ka riƙe in za ka kasuwa

Ƙaramin magagari wanda haƙoransa ba su cinye ba. Guntun igiyar nailan ko ta rama. Fallen takarda. Busasshen icce mai tauri, kaurin babban yatsa. Ruwa a gora da ɗan tsumma. Sai kuɗinka, wanda tun daga gida za ka kasa shi uku a ranka: na wuƙa, na kube, na dutse. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan wuƙa shi ne yake komawa gida da ita a naɗe cikin takardar siminti.

1. Fara da aikin da za ta yi

Zauna ka tuna abin da ka yanka a makon jiya. Ga yawancin mutane igiya ce, bakin buhu, feren rake, ɓawon mangwaro, gyaran tiyon ban-ruwa, feƙe turke, wani lokaci yankan kaza. Duk waɗannan aikin ƙaramar wuƙa ne. Saran reshe na adda ne, faskare na gatari, fiɗar sa kuma ta barhon mahauta. Mai neman wuƙa ɗaya da za ta yi duka zai ƙare da wadda ta yi wa rake girma, ta kuma yi wa reshe ƙanƙanta.

2. Tsawo da kauri

Ruwan wuƙar ya kasance tsakanin santimita 8 zuwa 11, wato inci 3 zuwa 4 da ɗoriya. In babu abin awo, ɗora ta a tafin hannunka a gicciye: ta ɗan zarce faɗin yatsu huɗu, shi ke nan. Dalili shi ne, duk nisan da tsini ya yi da hannunka, ikonka a kansa raguwa yake. Ga kuma nauyi. Wuƙar da ke jan wando ƙasa, kwana kaɗan za ka fara barin ta a gida.

Kaurin bayanta kuma milimita 2 zuwa 3. Mutane suna ɗauka kauri shi ne ƙarko, amma mai kauri tsaga abu take yi maimakon yanka shi. Gwada ta a kan ɗanyen dankali ko albasa, za ka ji tana turjewa tana fasawa.

3. Ƙarfen da aka yi ta da shi

Nan ne ake yawan cutuwa, don haka bari in daɗe.

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne a dunƙule. Akwai baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon da yawa, wanda yake saurin ɗaukar kaifi, yake da sauƙin wasawa a kan kowane dutse, amma yana tsatsa. Akwai kuma farin ƙarfe mara tsatsa, wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan ba ya damuwa da jiƙa sosai, sai dai na banza a cikinsa ya fi na kirki yawa a kasuwanninmu.

Maƙeranmu da baƙin ƙarfe suke aiki, kuma tambayar farko da za ka yi ita ce daga me aka sare shi. Sifirin mota, irin falle-fallen nan na ƙarƙashin a-kori-kura da manyan motoci, shi ne abin nema. Kabon ɗinsa yana wajen kashi 0.6 cikin ɗari, daidai yadda zai yi tauri ba tare da saurin karyewa ba. Aibinsa ɗaya: sifirin da ya sha kaya shekara da shekaru yakan yi ƙananan tsaga da ido ba ya gani da wuri, shi ya sa gwajin ƙara da zan faɗa a gaba yake da muhimmanci. Tsohon magagari ma ana yin wuƙa da shi. Kabon ɗinsa ya fi na sifirin, kaifinsa yana daɗewa, amma in ba a sassauta taurinsa da kyau ba, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba shi biyu. Wanda za ka guje wa shi ne rodin gini da falankin ƙarfen ƙofa. Ba a yi su don riƙe kaifi ba. Wuƙar rodi za ta yi kyau a ido, ta aske gashi ranar da aka wasa ta, washegari ta koma gidan jiya.

A ɓangaren na kamfani, dubi abin da aka buga a jikin ruwan. In ba a rubuta komai ba sai cewa ba ta tsatsa, to ba a gaya maka komai ba. 3Cr13 da 420 masu taushi ne, za ka riƙa wasawa kullum. 8Cr13MoV, 440C, 12C27 da 14C28N sun fi su riƙe kaifi nesa ba kusa ba, kuma ba su cika tsada ba. Da yawa daga cikin wuƙaƙen da ke shigowa daga Sin a birnin Yangjiang ake yin su, kuma can ana yin na ƙwarai ana yin na jeka-na-yi-ka, don haka sunan ƙasa kaɗai ba ya yanke hukunci. In kana son ma'auni da za ka gwada saura da shi, nemi Morakniv Companion, wadda ake yi a garin Mora na ƙasar Suwidin. Ruwanta ya ɗan haura santimita 10, ƙotarta roba ce mai kama hannu, kubenta na roba mai tauri, ana yin ta da baƙin ƙarfe ana kuma yin ta da farin 12C27. Ba ta da ado ko kaɗan, kuma a ƙasashen Turai tana cikin mafi araha. A nan kuɗin jigila da canji suna ɗaga ta, amma ko ba ka saya ba, ka riƙe ta sau ɗaya ka ji yadda wuƙar aiki take zama a hannu. Ƙananan wuƙaƙen Tramontina na Burazil da suka cika shagunan kayan girki ma suna aiki in an ɗinka musu kube, duk da cewa sirara ne, ba sa son a murɗa su a cikin icce.

Wani abu kuma ya shigo yanzu, wuƙaƙe masu zanen igiyar ruwa a jiki da ake cewa ƙarfen Dimashƙa ne. A farashin da nake magana a kai, sau da yawa zanen a sama kawai yake, ko kuma an naɗe ƙarafan da ba a san asalinsu ba. Wuce su.

4. Gwada taurinta

Ƙarfe mai kyau a hannun wanda bai iya wuta ba, asara ce. Bayan an ƙera wuƙa, maƙeri yakan mayar da ita cikin gawayi (namu sun fi son na ƙirya saboda zafinsa) har ta yi ja, ya tsoma ta a mai ko ruwa. A nan ta yi tauri ƙwarai amma tana da saurin fashewa. Sai ya goge ta, ya sake ɗumama ta a hankali yana kallon launin da ke bin jikinta. In bakin ya kai launin busasshiyar ciyawa, wajen digiri 220 zuwa 230, ya isa a tsaya. In aka bari ya zarce zuwa shuɗi, wajen digiri 300, bakin ya yi taushi. Mai gaggawa yakan tsallake wannan ɗumamar ta biyu gaba ɗaya, ko ma ya tsallake tsomawar.

Ba za ka ga wannan da ido ba bayan an goge wuƙa, shi ya sa ka zo da magagari. Amma kada ka zaro shi kai tsaye a kan kayan mutum. Gaisa tukuna. "Sannu da aiki, Baba. Wannan da wane ƙarfe aka yi ta?" In ya ce sifirin ne, sai ka ce, "In ba damuwa, zan ɗan taɓa ta da magagari." Maƙerin da ya yarda da aikinsa murmushi zai yi, wataƙila ma ya miƙo maka nasa. Ja magagarin sau ɗaya, da sauƙi, a gefen baki kusa da ƙota. In ya zame da ƙara siririya bai bar komai ba sai ɗan layi, ta yi tauri. In ya kama ya ci, har ka ga garin ƙarfe a haƙoransa, mayar da ita kan tabarma ka yi godiya.

Sai gwajin icce. Fere busasshen iccen nan da ƙarfi sau goma sha, har ka ratsa ta kan gaɓa. Ɗaga wuƙar ka kalli bakin a tsaye cikin hasken rana. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, duhu za ka gani. Inda ka ga ɗigon haske, nan ya lanƙwashe, alamar taushi. Inda ka ga ɗan gibi, nan ya ɓalgace, alamar tauri ya yi yawa. Daga nan ka yanka igiya, ka ja ta a gefen takarda. In har tana tsarga takarda bayan icce, ka samu.

Na ƙarshe, riƙe ta da yatsa biyu a ƙarshen ƙota ka ƙwanƙwasa ruwan da magagari. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa tana ɗan ja. Mai tsaga a ciki "ƙwas" zai yi ya mutu nan take.

A shago ba za a bar ka ka sa magagari a kan sabuwar wuƙar kwali ba, kuma da gaskiyarsu. Can sai ka dogara da sunan ƙarfen da kamfanin, ka yi gwajin icce da zarar ka isa gida.

5. Jela da ƙota

Ruwan wuƙa yana da jela da ke shigewa cikin ƙota, kuma yawancin wuƙaƙen da ake kawo mini a nan suke mutuwa. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya tafi da faɗinsa har ƙarshen ƙota, aka manna icce gefe da gefe aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Za ka ga layin ƙarfen a zagaye. Ta biyu, siririyar jela da ta ratsa iccen ta ɓullo ta baya aka daddage kanta. Wannan ma ta isa aikin yau da kullum, haka iyayenmu suka yi tasu, haka kuma ita Mora ɗin ba ta da cikakkiyar jela amma ba a jin kukanta. Wadda ba ta da amana ita ce gajeriyar jela da aka soka a icce da zafi aka bar ta haka, da kuma wadda aka yi wa waldar siririn rodi mai zare aka ɗaure da noti a baya. Yawancin masu kan mikiyar nan haka cikinsu yake.

Riƙe ƙota da hannu ɗaya, kama bayan ruwan da tsumma, ka jijjiga. Ko ɗan motsi ka ji, bar ta. Dubi mahaɗar ruwa da ƙota: in akwai rata, jini da kitse za su taru a ciki su yi wari, ruwa kuma ya ci jelar a ɓoye.

Ƙotar ta cika tafinka har ta ɗan leƙo ta bayan ƙaramin yatsa. Kada ta zama zagayayya sumul, domin za ta juya a hannu ba ka san inda baki ya fuskanta ba. Jiƙa hannunka da ruwan gorar nan ka sake riƙe ta. Ƙotar alminiyam da ta roba mai sheƙi suna da kyau a rumfa, amma da hannu ya jiƙe da gumi ko kitse sai su sulɓe. Ƙirya, marke da ƙaho da ba a goge su sun yi santsi ba sun fi. A samu kuma ɗan tudu ko lotsawa da zai tare manuniya kada ta zarce kan kaifi.

6. Siffar baki

Miƙaƙƙen baki mai ɗan ciki wajen tsini, kaifi gefe ɗaya, baya a dakushe yadda za ka iya danna babban yatsa a kai. Mai kaifi biyu ba ta aikin gona ba ce, kuma ita ce ta fi jawo tambaya a shingen bincike. Haƙoran zarto a baki ko a baya ba sa wasuwa a dutse.

7. Kube

Rabin hankalinka ya tafi nan. Wuƙar da za a ɗauka kullum tana yini a cikin kube ne, minti kaɗan take yi a waje, kuma raunin da na fi gani a jikin masu ita ba wajen aiki suka same shi ba, kuben ne ya ci amanarsu.

Saka ta, kifa kuben a kan yashi nesa da ƙafarka, ka girgiza. Kada ta faɗo. Sannan zaro ta da hannu ɗaya: kada kuma ta ƙi fita sai da kokawa, domin fizga ita ke kawo yanka. Matsa gindin kuben da yatsa a hankali ka ji ko tsini yana taɓa ƙasa. Ya kamata a sami 'yar tazara. Buɗe bakin ka leƙa wajen ɗinki. Baduku da ya san aikinsa yakan sa wani tsirin fata mai kauri tsakanin falle biyun, yadda kaifi zai kwanta a kan fata maimakon zare. In babu wannan tsirin, duk shiga da fita wuƙar tana cin ɗinkin, wata rana sai dai ka ji sanyi a cinya. Tsohon salon da ake fafe icce biyu sirara a rufe da fata ya fi kowanne aminci, in ka sami mai yi.

Kuben ƙyalle mai laushi da ke zuwa da wuƙaƙen kwali, jefar da shi. Kai wuƙar wurin dukawa a auna ta a ɗinka mata nata. A Kano, cikin kasuwar Kurmi ba za ka rasa mai yi ba, haka kowace babbar kasuwa tana da layinsu. Ka ce a yi da fatar sa mai kauri, jar fatar akuya ta ado in ana so a ɗora a sama. A yi mata maratayi da bel zai shiga.

Kada ka soke wuƙa a gaban ƙugu ko ka jefa ta aljihun wando, musamman in za ka hau babur. Babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, kuma faɗuwa ba ta sallama. A gefen ƙugu ta ɗan koma baya, ko a cikin jaka.

8. Ciniki

Farashi yana sauyawa da kasuwa, don haka ga ma'aunina: in ɓatan wuƙar a gona zai hana ka barci, ta yi maka tsada. Wuƙar da ake jin tsoron ɓata ta ba ta aiki. A wurin maƙeri, yin oda ya fi saye a tabarma. Faɗi tsawo da kauri, ka ce da sifirin kake so, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗin ta tabarma, kada kuma ka tsaya masa a ka. Ka guji makon Babbar Sallah, lokacin da ake ƙera wuƙaƙe da gaggawa kuma kuɗinsu ya hau.

9. Wasawa da kulawa

Jiƙa dutse, kwantar da ruwan a kusurwa wajen digiri 20. Hanyar gane ta: tsayar da wuƙar cak a kan dutse, karkatar da ita rabi, sake karkatar da rabin wannan. Yi ta ja a gefe ɗaya har ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ɗaya gefen in ka shafa yatsa daga baya zuwa baki, ba tare da bin tsawon kaifin ba. Juya ka yi wa ɗayan haka, sannan ka goge a bayan tsohon bel na fata, kana ja baya-baya. In babu dutse mai laushi, gindin kofin tangaran inda ba a shafa masa sheƙi ba yana gamawa. Wuƙar da za ta taɓa wuyan dabba kuwa, addini ma ya yi umarni a wasa ta sosai don a hutar da abin yanka.

Ka yi hattara da masu wasawa da inji. Dutsen yana gudu, siririn bakin yana zafi cikin daƙiƙa, kuma da ka ga ya yi shuɗi, aikin wutar da maƙeri ya yi ya tashi a banza a wannan wurin. In dole ne, a riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowane ja.

Baƙin ƙarfe zai yi duhu in ya taɓa lemo, tumatir ko albasa. Wannan ba illa ba ce, yana ma ɗan kare shi. Jar tsatsa ce abokiyar gaba. Wanke, share ta bushe, shafa ɗan man kaɗe ko man girki. Baƙin man inji kada ya kusanci wuƙar da ke yanka abinci. Da damina kada ta kwana a kuben fata, domin fata tana riƙe danshi.

10. Inda ake shiga da ita

Wuƙa a ƙugun manomi a hanyar gona ba ta tayar wa kowa da hankali. Ita ɗin dai a cikin gari, inda faɗan daba da ƙwacen waya suka sa jami'an tsaro suke bincike, magana ce daban, kuma "ai ta aiki ce" ba kullum take fitar da mutum ba. In hanya ta bi da kai cikin gari, cire ta daga ƙugu ka sa a jaka tare da sauran kayan aikinka. Kada ta je wurin hawan Sallah, filin ƙwallo, makaranta, banki ko gidan biki. Dokar zaɓe ta hana zuwa gangamin siyasa da rumfar zaɓe da makami. A filin jirgi, cikin akwatin da za a auna take tafiya, in ta shiga jakar hannu za a karɓe ta. A gida kuma a rataye ta sama inda hannun yara ba ya kai, in za ka miƙa wa wani ka miƙa ta cikin kubenta.